Daga Tawa zuwa tsohon masallacin Agadas da mota: yadda ake tsara tafiyar

Masu karatu da dama, daga nan Tawa da kuma Yamai, sun yi ta aiko da tambaya kan yadda mutum zai ɗauki iyalinsa ko abokansa a motarsa ya bi hanyar arewa har Agadas, domin ya ga babban masallacin nan na ginin ƙasa mai doguwar hasumiya. Wasu kuɗin mai suke tambaya, wasu suna son sanin ko ƙaramar mota za ta iya, wasu kuma tsaro ne damuwarsu. Tsakanin Tawa da Agadas kimanin kilomita 400 ne a kan babbar hanya mai lamba 25, wadda aka fi sani da hanyar uraniyom. Wanda ya taso daga Yamai sai ya ƙara wajen kilomita 550 ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni da mararrabar Tsarnawa. A bi matakan nan yadda aka jera su, domin yawancin wahalar da ake sha a wannan hanya daga makara take farawa.

1. Zaɓen lokaci

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiyar, kuma a ganina Nuwamba ta fi sauran. A watan nan ruwan sama ya ɗauke, tabkuna ba su ƙafe ba, akwai sauran ciyawa a dajin Azawak, kuma hazon hunturu bai yi kauri ba tukuna. A Disamba da Janairu ana samun ranakun da ƙura ke rufe sama har direba ba ya hango motar da ke gabansa, ga sanyin daren Agadas mai shiga ƙashi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, inji da tayoyi da yara ƙanana duk suna jigata, don haka wanda ba lalura ta kama shi ba gara ya haƙura. Damina ce ta fi ƙawata dajin, kuma a ƙarshenta, cikin Satumba, makiyaya ke taruwa a Ingal don bikin Kur Sale, sai dai a lokacin ruwa kan cika ƙoramu ya tsare matafiya yini guda ko fiye.

A ware kwana huɗu. Tsari mai kyau shi ne a tashi ranar Laraba, a yi ziyarar masallaci da tsohon gari ranar Alhamis, a yi sallar Juma'a a can, a juyo ranar Asabar. Mutanen Yamai su ƙara kwana ɗaya a zuwa da ɗaya a dawowa, su kwana a Tawa.

Gargaɗi: kada mai motar gida ya kwaikwayi manyan motocin fasinja ya ce zai haɗe Yamai da Agadas a tashi ɗaya. Kilomita kusan 950 ne, kuma mafi wuyar hanyar zai riske shi ne bayan ya gaji, dare kuma ya yi.

2. Neman labarin hanya

Kwana biyu kafin tafiya a je tasha a nemi direban da ya iso daga Agadas a daren jiya. Labarin wanda ya bi hanyar watan da ya wuce ya riga ya tsufa. A tambaye shi abu huɗu: inda kwalta ta mutu aka koma bin gefe, inda ake aikin gyara aka karkatar da motoci, garin da ake samun mai a gidan mai a makon nan, da kuma ko an ji wani motsi na ɓarayi. Bayan nan a leƙa wajen jandarma a faɗa musu inda aka nufa, a ji ko akwai wani umurni a kan hanyar. An sha yin fashi da makami a wasu sassanta, kuma yankunan Tiliya da Tasara da ke arewa maso yamma an sa su ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, saboda haka ba a barin babbar hanya a kutsa daji ta wannan ɓangare da sunan kallon ƙasa.

Idan akwai baƙo ɗan ƙasar waje a cikin tawagar, musamman Bature, maganarsa daban ce: hukuma na bukatar izini da rakiyar jami'an tsaro, kuma a ofishin gwamna ake fara wannan magana, tun da sauran kwanaki.

Mota biyu sun fi ɗaya. Idan babu abokin tafiya, a daidaita tashi da lokacin da motocin fasinja ke fita da safe, yadda idan an sami matsala akwai masu zuwa a baya.

3. Kai mota wajen makanike

Kat-kat mai tsayi daga ƙasa ita ce motar wannan hanya. Ƙaramar mota tana zuwa, ana ganinsu kullum, amma sai da lallami, mutum huɗu kawai, ba lodi, kuma direban ya yarda cewa cikinta zai sha gogar ƙasa. A kai ta gareji mako guda kafin tafiya. Dalilin mako gudan shi ne a samu a yi yawo da ita cikin gari bayan gyara, domin noti da aka manta ba a ɗaure ba ko bututun da aka mayar a karkace su nuna kansu a Tawa, inda makaniken yake kusa.

A fara da abin da ke sanyaya inji: a wanke radiyata, a matsa kowane bututun ruwa da hannu a ji ko ya yi laushi ko ya tsattsage, a duba kuruwar fanka, a sayi sabuwa a ajiye ko da tsohuwar tana da sauran rai. Sai juyen baƙin mai da sauya filtar mai da ta iska. Daga nan a ɗaga motar a duba birki da amortisa da duk abin da ke riƙe da ƙafafu, saboda ramuka da ƙasa mai kunya-kunya su ne ke kwance su. A ƙarshe batir: a goge kawunansa, a ɗaure shi tamau a mazauninsa, don girgiza tana tsinke wayarsa.

Tayoyi sun cancanci a daɗe a kansu. A duba gefen kowace, domin a nan rana ke fasa roba, kuma taya mai zane mai kyau a sama tana iya zama ruɓaɓɓiya a gefe. A ɗauki safaya biyu, duka a kan ƙarfensu, da iska a ciki. Tsakanin Abalak da Agadas masu faci ba su da yawa, kuma wanda ya yi amfani da safayarsa ɗaya tilo a kilomita 50 na farko zai yi sauran tafiyar da zullumi. Kafin a bar gida a gwada kirik da sifanar taya a kan motar da kanta, a kwance noti ɗaya a mayar. Sau da yawa sai a daji ake gane cewa sifanar ba ta shiga notin, ko kuma mai faci ya ɗaure shi da injin iska har hannu ba ya iya kwance shi.

4. Takardu

Na direba da mota: farmin tuƙi, kart giriz, takardar asirans, binyet ta shekara, da takardar bizit teknik, kowace a duba ranar ƙarewarta. Idan motar aro ce, a karɓi takardar izini daga mai ita, da sa hannun hukuma. Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, yara kuma takardar haihuwa, kuma yaron da ba na mutum ba a nemi rubutaccen izinin iyayensa, domin hanyar Agadas hanya ce da aka sha sa ido a kan masu ƙetarawa da mutane zuwa Aljeriya da Libiya. A haɗa takardun a jaka ɗaya kusa da direba.

5. Kaya, guzuri da lissafin kuɗi

Ruwa ne farko: lita biyar na sha ga kowane mutum, da bido ɗaya mai lita 20 na mota da alwala, wanda ba a taɓawa sai da dalili. Sai bidon mai na ƙarfe, shebur, igiyar jan mota, famfon iska, katako mai faɗi da za a ɗora kirik a kansa cikin yashi, tsofaffin tabarmi biyu, tocila, abin kashe gobara, da alwatikan gargaɗi. A jakar magani a sa na ciwon kai, na gudawa, gishirin haɗa ruwa, bandeji, da maganin duk wani mai ciwon suga ko hawan jini na kwana shida, ba huɗu ba. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, burodi, garin rogo, da kayan shayi. A ɗauki bargo ko da an bar Tawa ana gumi.

Gargaɗi: bidon esans ba ya zama cikin mota tare da mutane. A ɗaure shi a sama ko a baya, a bar ɗan sarari a bakinsa kada a cika shi fal, domin zafi na kumbura shi.

Lissafin mai kuwa ga yadda ake yinsa. A ragin da gwamnati ta yi a watan Yulin 2024 an tsayar da litar esans a kan sefa 499, gazuwal kuma 618. A tabbatar da farashin ranar a gidan mai kafin a yi kasafi. Kat-kat mai shan lita 12 na gazuwal a kilomita 100 za ta sha lita 48 zuwa Agadas a kan hanya mai kyau, amma a nan sai an ƙara rubu'i saboda yashi da tafiya da ƙaramar giya, wato lita 60. Zuwa da dawowa lita 120 ke nan, kusan jika 75. Ƙaramar mota mai shan lita 9 na esans za ta tashi wajen lita 90, kimanin jika 45. A kan wannan a ɗora masauki na dare uku, abinci, kuɗin feyaji, alherin masu kula da masallaci da ɗan jagora, sannan a ƙara sulusin jimlar a ajiye gefe don gyaran mota. Wani kaso a tura shi ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana a karɓa a Agadas, sauran a rarraba a aljihu dabam-dabam. A nemi canji tun a Tawa, takardun dala ɗari da na jika ɗaya, don mai shayi a bakin hanya ba shi da canjin jika goma.

Waya: layi biyu na kamfani dabam-dabam, da abin caji na mota. Akwai wurare masu tsawo da babu reso sam, don haka a bar wa wani a gida sunayen matafiya, lambar mota, da lokacin da ake sa ran kiransa daga Abalak da Agadas.

6. Tawa zuwa Abalak

A cika tanki tun daren jiya, a ɗaure kaya tun daren jiya. Bayan sallar asuba, da zarar gari ya fara wayewa, a kama hanya. Wannan zangon kimanin kilomita 135 ne, kuma shi ne mai sauƙin. Da farko ƙasar Adar ce, da tuddai masu baƙin dutse da kwaruruka da gonakin hatsi da aka girbe. Bayan kamar kilomita 50 sai tabkin Tabalak ya bayyana a gefen hanya, dogon ruwa a tsakiyar busasshiyar ƙasa, da masunta da lambuna da tsuntsaye. Wuri ne mai jan hankali, kuma a nan ne mutane ke yin kuskuren farko: a sauka ɗaukar hoto, a jira a soya kifi, a ɗora shayi, kafin a ankara awa ɗaya da rabi ta tafi. Minti goma sha biyar sun isa. Kifin yana nan a dawowa.

A kowane shingen jami'an tsaro a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a cire baƙin tabarau, a kashe rediyo. "Sannu da aiki, shef." "Ina aka nufa?" "Agadas, ziyarar masallaci, ni da iyalina." A miƙa takardu, a jira a ce a wuce. Ba a ɗaga waya a shinge, ba a ɗaukar hoton soja ko motarsu ko barikinsu a ko'ina a hanyar.

7. Abalak: inda ake yanke shawara

A Abalak ake sake cika tanki da bido, a taɓa kowace taya a ji zafinta, a leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu na ɗiga, a ci abinci, a kira gida. Idan gidan mai babu mai, sai ƴan ruwa-ruwa. A tace nasu da ƙyalle mai tsabta yayin zubawa, kuma a sayi iya abin da zai kai mutum.

Sai a dubi agogo. Abin da ya rage kusan kilomita 270 ne, kuma wanda ya yi lissafi da kilomita 40 a awa, tare da ramuka da shingaye da sallah, bai yi zalunci ga motarsa ba. Kusan awa bakwai ke nan, rana kuma a wannan lokaci na shekara tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. Saboda haka duk wanda ƙarfe goma da rabi ta yi masa bai bar Abalak ba, ya nemi masauki ya kwana. Za a samu wani a cikin motar da zai ce ai saura kaɗan, a daure. Kada direba ya saurare shi, ko da yayansa ne.

8. Abalak zuwa Agadas

Daga nan gonaki sun ƙare, an shiga ƙasar kiwo. Fili ne iya ganin ido, da farar ciyawa da itatuwan ƙaya jefi-jefi, da aduwa da tumfafiya, da rijiyoyi inda Buzaye da Fulani ke shayar da garkuna, jaki ko raƙumi na jan guga da doguwar igiya. Za a wuce Tamaya da wasu ƴan ƙauyuka masu rumfunan shayi. Can gaba, wajen ƙasar Ingal, doguwar gangaren dutsen Tigidit ce ke raba tudun da aka baro da shimfiɗaɗɗen filin Irazar, yankin da masu bincike suka tono ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da. Idan wani ya kawo irin waɗannan ƙasusuwa ko duwatsu yana tallarsu, a bar masa kayansa, dukiyar ƙasa ce da doka ta hana fita da ita.

Tuƙin wannan zango yana da ƙa'idodinsa. Inda kwalta ta farfashe, bakin ramin ne ke yanka taya, don haka a taka birki kafin rami, a sake shi yayin shiga. Inda motoci suka bar kwalta suka yi hanyoyi a gefe, a bi wadda sawunta ya fi sabo, kuma kada a yi nisan da za a daina hango babbar hanyar. Idan babbar mota ta taso da ƙura, a kunna fitila a rage gudu har ƙurar ta lafa, kada a wuce ta a makance. Raƙumi kuma ba ya jin oda. A tsaya masa.

A yashi mai zurfi a shiga da giya ta biyu, a riƙe totur daidai, kada a canza giya a tsakiya. Idan motar ta tsaya, a ɗaga ƙafa nan take, domin kowane juyin taya ƙara binne ta yake yi. Kowa ya sauka, a rage iskar tayoyi zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, a haƙe yashin gaban kowace taya da na ƙarƙashin cikin motar, a cusa tabarma, a tura a hankali. Da an fita a mayar da iskar da famfo kafin a hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta mai zafi ba ta daɗewa.

Gargaɗi: idan allurar zafi ta hau, a tsaya, a buɗe bonet, a jira aƙalla rabin awa. Ba a buɗe murfin radiyata da zafinsa, ruwan na feshowa ya ƙona fuska da hannu. Idan kuma motar ta mutu gaba ɗaya, a zauna kusa da ita a inuwa a jira masu wucewa; ba a tura yaro da ƙafa neman ƙauyen da ba a san nisansa ba. A damina, ƙoramar da ke gudu ba a shigarta sai an ga motar da ta yi daidai da taka ta ƙetare.

Akwai mararrabar da ke kai wa Ingal, garin dabino da tsohuwar kasuwar gishiri. Ya cancanci ziyara, amma da kwanansa na kansa; ba a cusa shi cikin yinin zuwa.

9. A masallacin

A kama masauki tun kafin a taso, musamman idan tafiyar ta faɗo cikin Muharram, lokacin bikin Biyanu, da gari ke cika. Da safe a bar mota a masauki, domin lungunan tsohon gari ba na mota ba ne. Ba a ɓata neman masallacin: hasumiyarsa mai tsawon mita 27, wadda ta faro da faɗi a ƙasa ta tsuke a sama, da azara a tsittsire a jikinta, ana hango ta daga ko'ina. An gina shi a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Azarun nan su ne matakalar magina duk lokacin da za a sabunta yaɓe.

A zo tsakanin hantsi da kafin azahar, lokacin da ba a sallah. Wurin ibada ne da ake sallah biyar a cikinsa, don haka shiga ta mutunci, mata da mayafi, takalma a ƙofa. A nemi dattijon da ke kula da wurin a gaishe shi a tsanake: "Salamu alaikum, Baba. Baƙi ne mu daga Tawa, mun zo ziyara. Ko za a yi mana izinin hawa hasumiya?" Idan ya ce yau ba hali, a yi godiya a bar maganar. Idan ya buɗe, a hau mutum biyu ko uku a lokaci guda. Matakalar tana kewayawa ne cikin duhu, haske sai ta ƴan ƙananan tagogi, akwai jemagu da warinsu, kuma tana ƙara matsewa har kafaɗu su riƙa gogar bango, a ƙarshe sai an sunkuya. A cire babbar riga, a bar jaka a ƙasa, a riƙe tocila. Mai ciwon gwiwa ko na zuciya, da mai jiri, da yara ƙanana, su tsaya a ƙasa, saboda saman ɗan wuri ne ƙarami. Daga can ana ganin rufin soraye ja-ja na unguwanni 11 na tsohon gari, fadar Sarkin Abzin a ƙasa dab da masallacin, da duwatsun Abzin ta arewa. Kada a kama azara, kada a kankare bango ko a rubuta suna. Bayan an sauko a ba dattijon alheri a dunƙule cikin hannu, ba tare da ciniki ba.

Wanda ke son gaida Sarki ya fara da dogarai a ƙofar fada, su ne za su faɗa masa ko ana ganinsa ranar. Sauran yinin a ɗauki ɗan jagora ɗan gari, a yi tsada da shi tun kafin a ɗaga ƙafa, ya kai mutum gidan da Bature Heinrich Barth ya sauka a 1850, da gidan Sidi Ka mai zanen ƙasa a bangon ciki, da maƙeran azurfa. Kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mace, a nemi yardarsa. Ranar Juma'a a tafi da wuri da abin sallah, domin cikin masallacin ba ya ɗaukar jama'ar da ke zuwa.

10. Dawowa

Ranar Juma'a da yamma a cika tanki, a kai duk tayar da ta fashe wajen mai faci, a fitar da filtar iska a kakkaɓe, a bi notocin tayoyi da sifana ɗaya bayan ɗaya. A tashi da wayewar gari kamar yadda aka yi a zuwa. Wannan karon zango mai wuya ne a farko, don haka shawarar Abalak ta sauya: idan an iso Abalak kafin ƙarfe uku a wuce zuwa Tawa, idan an yi la'asar a can a kwana. Cukun Abalak da kifin Tabalak yanzu ne lokacin sayensu. Cukun a naɗe shi a takarda ko ƙyalle, don leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna, kifin kuma a sayi soyayye ko mai banda idan babu ƙanƙara a motar.